Za mu faɗaɗa ɓangaren yara: kwalbar jarirai za mu fara saya, ko akwai abin da ya fi ta gaggawa?

Ɗan Kwamiti

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin da ke kula da wani babban asibiti na ƙaramar hukuma, kuma wani bawan Allah ya ba da gudummawa a inganta ɓangaren yara. Ɗaki biyu ne, gado talatin, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a gefe da ake ajiye jarirai. Likita ɗaya ke zagayawa da rana, da dare kuma nas biyu. Daga Agusta zuwa Oktoba yara biyu ko uku ke kwana a gado ɗaya. Wuta ba ta da tabbas, janareta kuma daga magariba zuwa tsakar dare ne.

Ɗan kwangila ya kawo takarda: kwalbar jarirai huɗu, na'urar da ke yi wa maras lafiya numfashi guda ɗaya, allon nan mai nuna bugun zuciya, sai fenti da tayil. Rabin kwamiti sun amince domin kaya ne da za a gani da ido ranar buɗewa. Ni hankalina bai kwanta ba. Masana aikin nan, idan kuɗi ba za su ishi komai ba, da me ake farawa? Kuma bayan shekara ɗaya, ta yaya za mu gane kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Likitan Yara

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku ajiye takardar nan tukuna. Na'urar numfashi tana buƙatar likita da nas da suka koyi aikinta a tsaye kanta dare da rana, da wutar da ba ta ɗaukewa ko minti ɗaya, da gwajin iskar jini. Idan babu waɗannan, na'urar da kanta za ta kashe yaro. Ku cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Wurin da za ku fara shi ne bakin ƙofa. Kaso mai yawa na yaran da ke rasuwa a asibiti suna rasuwa ne a cikin awa 24 na farko, wasu ma a kan benci, uwa na riƙe da kati tana jiran layi ya zo kanta. An gwada gyaran wannan a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi, ƙarƙashin Farfesa Elizabeth Molyneux. Wajen shekarar 2001 suka sake tsarin karɓar yara: tantancewa tun daga ƙofa, ɗakin agajin gaggawa kusa da wurin karɓa, manyan ma'aikata a wurin maimakon a bar masu koyo kaɗai. Mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga tsakanin kashi 10 da 18 cikin 100 zuwa tsakanin 6 da 8. A kan irin wannan aiki Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da horon tantance yara da ba su agajin gaggawa, wato ETAT, a 2005. Horo ne na 'yan kwanaki, kuma har mai gadi da mai yankar kati ana koya musu gane yaron da ba ya jira.

Tantancewar ba ta kai minti ɗaya ba. Ana ware yara kashi uku. Na farko, wanda za a ɗauka a guje: numfashi ya toshe ko yana yi da ƙyar, leɓe ya yi shuɗi, hannu ya yi sanyi tare da bugun jini mai sauri maras ƙarfi, suma, jijjiga, ko gudawar da ta sa ido ya faɗa, aka ja fatar ciki ta ƙi komawa. Na biyu, wanda za a kai gaban layi: jariri ƙasa da wata biyu, zazzaɓi mai zafi ƙwarai, tafin hannu fari fat, kumburin ƙafa biyu, ƙuna, shan guba, da wanda aka turo da takarda daga wani asibiti. Sauran su bi layi, amma a riƙa zagayawa ana sake duba su, domin yaro yana iya canjawa cikin rabin awa. Kuma doka ɗaya da kwamiti ne kaɗai zai iya kafa ta: yaron kashi na farko ba a tambayar iyayensa kuɗin kati ko kuɗin magani sai an gama ceto shi. Ku ware wani abu daga gudummawar ya zama asusun wannan.

A kusurwar gaggawa a samu gado biyu, jakar hura iska ta yara da ta jarirai tare da marufin fuska girma uku, na'urar zuƙe majina wadda ake takawa da ƙafa, sikeli, ma'aunin oksijin na ɗan yatsa, na'urar gwajin suga da tsinkayenta, kanula lamba 22 da 24, robar hanci ta ba da abinci. A manna jadawalin magani bisa nauyi a bango, domin da ƙarfe ukun dare ba wanda ya kamata ya tsaya lissafi da ka.

Suga na jini shi ne abin da aka fi mantawa. Duk yaron da ya zo a sume ko yana jijjiga a gwada shi nan take. Idan awon ya gaza 2.5 mmol/L, ko 3 ga mai tamowa, a ba shi ruwan gulukos mai kashi 10, mil 5 ga kowane kilo ta jijiya. Idan mai kashi 50 ne kawai a kabad, a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi huɗu na ruwan allura. Ba a tura shi tsantsa, yana ƙona jijiya. Idan babu abin gwaji, a ba da kawai. Jijjigar da ta wuce minti biyar kuwa, diazepam ta dubura, rabin miligiram ga kowane kilo, da sirinjin da aka cire wa allura.

Maleriya mai tsanani: allurar artesunate, ba kwinin ba. Binciken AQUAMAT na 2010, wanda ya haɗa yara sama da dubu 5 a ƙasashen Afirka tara har da cibiya a Ilorin, ya nuna mutuwa kashi 8.5 da artesunate, 10.9 da kwinin. Yaro ƙasa da kilo 20 miligiram 3 ga kilo, wanda ya kai 20 kuma 2.4. Ana yi da zuwa, sai bayan awa 12, sai a awa 24, sannan sau ɗaya kullum har ya iya haɗiya, a rufe da maganin sha na kwana uku cikakke. Kwalbar miligiram 60 ana fara narkar da ita da mil 1 na ruwan bikabonet da ke cikin kwalin, a girgiza har ya washe, sannan a ƙara mil 5 na ruwan gishiri. Kuskure biyu ake yawan yi: a zuba ruwan gishiri kafin garin ya narke, ko a ajiye ragowar don allurar gaba. Abin da aka haɗa ba ya kwana, a zubar.

Sai ƙarin ruwa, wanda iyaye ke ganin shi ne magani. A 2011 binciken FEAST a Kenya da Uganda da Tanzaniya ya duba yara sama da dubu 3 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun mutu kusan kashi 10.5 cikin kwana biyu, waɗanda aka bi a hankali kashi 7.3. Saboda haka ba kowane yaro mai galabaita ake buɗe wa ruwa ba. Mai gudawa da ya bushe ƙwarai shi kam yana buƙata, mil 100 ga kilo, amma a ƙa'ida: ɗan ƙasa da shekara, 30 a awa ɗaya sannan 70 a awa biyar, wanda ya haura shekara, 30 a rabin awa sannan 70 a awa biyu da rabi. Ku sayi robar ƙarin ruwa mai ɗan gwangwani na awo, kada a rataya wa yaro mai kilo 7 leda guda a tafi a bar shi.

Jini kuma, da damina shi ne rai. Idan awon yawan jini, wato PCV, ya kai 12 ko ƙasa, ko yana tsakanin 13 da 18 amma yaro na haki, a ƙara: mil 20 ga kilo na cikakken jini cikin awa uku zuwa huɗu. Firjin jini mai aiki da sola, da jerin masu ba da jini na sa-kai da aka riga aka gwada, sun fi kwalba huɗu ceton rai a asibiti irin naku. A fara haɗa jerin tun watan Yuni, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai Gyaran Na'ura

Likita ya bar mini oksijin, to bari in ɗauka daga nan. Shi ne babban abin da za ku kashe wa kuɗi, kuma akwai hujja: a asibitoci biyar na Papua New Guinea, da aka sa na'urorin tace oksijin da ma'aunin ɗan yatsa tare da horo, haɗarin mutuwar yara masu limoniya ya ragu da kusan kashi 35, kamar yadda aka wallafa a 2008.

Hanya biyu ce, silinda ko na'urar da ke tace oksijin daga iskar ɗaki. Babbar silinda tana ɗaukar kusan lita 6,800. Yara huɗu a kan lita ɗaya ɗaya a minti za su shanye ta cikin awa 28, kuma wannan idan babu yoyo a bakin regileta ne. Ku lissafa kuɗin cikawa da na mota a wata, za ku ga silinda ta ajiya ce, ba ta yau da kullum ba. Na'ura mai lita 5 tana cin wajen wat 350, mai lita 10 wajen 600. Da abin rarraba iska, mai lita 5 za ta ɗauki ƙananan yara huɗu ko biyar, kowa da ma'aunin gudunsa. Amma jimillar abin da aka buɗe kada ta wuce ƙarfin na'urar. Idan ta wuce, iska na fita, kumfa na tashi, alhali ƙarfin oksijin ɗin ya faɗi.

Ga lissafin wuta, domin a nan ake faɗuwa. Wat 350 sau awa 24 ya ba da kilowat-awa 8.4 a rana, na na'ura ɗaya. Awa 14 da babu rana suna buƙatar kusan 5. Batir mai bolt 12 da amp 200 yana ɗauke da 2.4 a takarda, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake ci idan ana so ya daɗe, wato 1.2. Ke nan batir huɗu zuwa biyar ga na'ura ɗaya, da faifan sola wajen kilowat biyu da rabi. Inbata ta zama mai tsabtatacciyar wuta, kuma ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke ci sau biyu zuwa uku, saboda fizgar da kwamfiresa ke yi wajen tashi. Layin nan a keɓe shi. Da zarar an fara jona abin dafa ruwa da cajin waya a kai, batir ba zai kai asuba ba. Idan da wutar gari ko janareta za a yi amfani, kowace na'ura da sitabilaizarta, domin hawa da saukar wuta ne ya fi kashe su.

Abin da ke biye wajen kashe su ƙura ce. Soson da ke bayan na'ura a wanke shi da ruwa da sabulu duk mako, lokacin hunturu sau biyu ko uku, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. A samu na canji biyu. Jiƙaƙƙen soso yana tura danshi cikin tukwanen tacewa, garin da ke ciki ya lalace, kuma ba ya gyaruwa sai canji. A nisanta ta da bango kamar tsawon rula guda, kada a lulluɓe ta da zane, kada a sa ta inda rana ke dukanta. Wadda ba a aiki da ita ma a riƙa kunna ta duk mako. Ku sayi ɗan abin auna ƙarfin oksijin guda ɗaya, a gwada kowace na'ura duk wata a rubuta a katinta. Idan ta gaza kashi 82, ta fita daga aiki sai an duba. Bakin silinda kuma ba a shafa masa mai ko giris, wuta yake kamawa.

Kada ku karɓi kaya daga ɗan kwangila sai da kayan canji na shekara biyu a cikin yarjejeniya, da sunan wanda zai zo gyara. Wannan ya shafi duk abin da ke da fulogi.

Sista Mai Jarirai

Injiniya, a ƙara da cewa oksijin magani ne, yana da awo. Ana sawa idan ma'auni ya nuna ƙasa da 90, ko ƙasa da 94 ga mai alamun gaggawa. Jariri rabin lita zuwa ɗaya a minti, ɗan ƙasa da shekara lita ɗaya zuwa biyu, babba har huɗu. Bakwaini kuma a riƙe shi tsakanin 90 da 95, domin yawan oksijin yana lalata masa ido har ya makance. A duba robar hanci duk awa uku, majina na toshe ta. Kuma ma'aunin ya zo da abin naɗawa a ƙafar jariri. Na manya ba ya karanta ɗan yatsan bakwaini daidai.

Yanzu maganar kwalba, Alhaji. Kwalba akwati ce mai ɗumi da danshi. Idan wuta ta ɗauke ta zama akwatin sanyi, idan ma'aunin zafinta ya lalace ta gasa jariri, idan ba a wanke ta tsakanin jariri da jariri ba ta zama gidan ƙwayoyin cuta. Inda ba su isa ba sai ka ga an haɗa jarirai biyu a ɗaya, mai cuta ya shafa wa mai lafiya. Da janareta na awa shida ba za ku iya riƙe huɗu ba.

Abin da ya fi ta a wurinku shi ne goyon ƙirji, fata da fata, wanda ake kira goyon kangaru. Dakta Edgar Rey ne ya fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978, saboda ƙarancin kwalba. A 2021 aka wallafa babban bincike daga ƙasashe biyar, ciki har da asibitocin koyarwa na Ile-Ife da Kumasi, a kan jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka ɗora a ƙirjin uwa nan da nan, tun suna kan oksijin da ƙarin ruwa, mutuwarsu cikin kwana 28 kashi 12 ce. Waɗanda aka jira sai sun daidaita a kwalba, 15.7. Daga 2022 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan: a fara da haihuwa, awa 8 zuwa 24 a rana.

Yadda ake yi: jariri da hula da safa da nafkin kawai, a tsaye tsakanin nonon uwa, kai a juye gefe an ɗan ɗaga haɓa don hanyar iska ta buɗe, ƙafafu a tanƙwashe kamar kwaɗo. A ɗaure da zane, bakin zanen ya tsaya daidai ƙasan kunnensa. Uwa ta kwanta a jingine, ba a miƙe ba. Matanmu sun iya goyo, baya ne za a mayar gaba, kuma kaka ko ƙanwar uwa ko uba suna iya karɓarta ta yi wanka ta yi salla. Don haka abin da za ku gina shi ne ɗakin da uwa za ta zauna: gado mai jingina, labule, banɗaki a kusa, abinci sau uku. Uwar da ke kwana a baranda ba za ta yi goyon awa 16 ba. A toshe iskar taga lokacin hunturu, zafin ɗaki kada ya gaza 25, na jariri kuma tsakanin 36.5 da 37.5. Na'urar ɗumama mai buɗaɗɗen sama guda ɗaya ko biyu ta isa don farfaɗo da jariri da sa masa kanula.

Wanda bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko robar hanci duk awa biyu, a fara da kusan mil 60 ga kilo a ranar farko, ana ƙarawa kullum har 150 zuwa 180. A auna shi kowace safiya a sikeli mai nuna giram.

Ciwon shawara shi ne na biyu da zan sa wa kuɗi. Fitilar shawara irin ta LED mai shuɗin haske guda biyu, wutar da take ci kaɗan ce. Tsofaffin masu dogon ƙwai suna ci gaba da haske bayan ƙarfinsu ya ƙare, jariri ya kwana uku a ƙasa ba abin da ya ragu. A tuɓe shi, a rufe ido, a ci gaba da shayarwa. Shawarar da ta fito a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ta gaggawa ce, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada; a san tun yau asibitin da za a tura don canjin jini. A gaya wa iyaye su raba kayan jariri da kafur, su bar shafa masa man zafi da lalle, domin yaran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma suna da yawa a cikinmu, waɗannan na farfasa musu jini. Shanya jariri a rana tsirara ba magani ba ne.

Sai famfo. Wurin wanke hannu a bakin ƙofar ɗakin jarirai, da ruwa da sabulu kullum, da man goge hannu a kowane gado. Cibiya a sa mata maganin chlorhexidine, a bar gasa ta da tsumma da man goge baki. Idan kuɗi ya ragu, ku ƙara da CPAP mai kumfa, wato na'urar da ke tura iska ta hanci don huhu ya zauna a buɗe, don bakwaini masu wahalar numfashi: bututun fitar iska a nutse santimita 5 cikin ruwa. A Blantyre an ga rayuwar irin waɗannan jarirai ta kai kashi 71 da shi, 44 da oksijin kaɗai.

Likitan Yara

Sista, na yarda da duka, amma CPAP ina so a yi hattara. A Malawin dai, a asibitin gunduma na Salima, an gwada shi a kan yara masu limoniya mai tsanani da ke da tamowa ko wata babbar lalura, a ɗakin da babu likita kullum. Mutuwa ta zama kashi 17 da CPAP, 11 da oksijin na hanci, har aka dakatar da binciken. An wallafa shi a 2019. Na'urar tana cika ciki da iska, yaro ya yi amai ya shaƙe, tana cin hanci, kuma idan kumfa ta tsaya ba wanda ya lura, ba ta aikin komai. Tana son robar ciki a buɗe da nas mai dubawa duk awa. Da nas biyu a kan yara sittin da dare, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A fara ƙara ma'aikata, a keɓe wa ɗakin jarirai nas tasa wadda ba a janye ta zuwa wani ɗaki, sannan CPAP ya zo, kuma ga jarirai kaɗai da farko.

Ta Maraɗi

Sannunku da aiki. Lokotoro ya ambaci tamowa a gurguje, ni kuwa ina ganin sai an ba ta ɗaki nata, domin yaron tamowa idan aka yi masa irin maganin sauran yara, maganin ne ke kashe shi. A nan Nijar tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60, galibinsu a jihar Maraɗi, aka gane cewa mafi yawansu ba sa buƙatar gado. A auna damtse da igiyar awo, ja shi ne ƙasa da santimita 11.5. A danna bayan ƙafa biyu a ga ko ya lotsa. Sannan a gwada cin abinci da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗar nan na masu tamowa. Wanda ya ci, ba shi da wata cuta, ya koma gida da rabonsa ya dawo duk mako. Wanda ya ƙi ci, ko kumburi ya kai fuska, ko yana da limoniya ko suma, shi ake kwantarwa a ɗakin da muke kira CRENI. Wannan rarrabewa kaɗai za ta rage muku cunkoso.

A ɗakin, madarar F-75 ake farawa da ita, mil 130 ga kilo a yini, ko 100 idan kumburi ya yi yawa. Yaro mai kilo 6 ke nan mil 780, a raba sau 12, mil 65 duk awa biyu, har cikin dare. Ciyarwar dare ce ake tsallakewa, kuma da asuba ake samun yaro ya yi sanyi suga ya faɗi. Bargo, hula, uwa ta kwana da shi a jikinta. Ba a neman ƙiba a wannan mataki, ba a ba da maganin ƙarin jini mai ƙarfe, ba a ba da maganin sa fitsari don kumburi ya saɓe. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da babu zazzaɓi, domin jikinsu ba ya nuna alama. Idan yana gudawa, ruwan gishiri da suga na masu tamowa, wato ReSoMal, ta baki, mil 5 ga kilo duk rabin awa na awa biyu, ana ƙirga numfashi da bugun zuciya. Idan suka hau, a tsaya, ruwa ya yi wa zuciya yawa. Ƙarin ruwa ta jijiya sai wanda ya shiga halin suma da sanyin hannu, shi ma mil 15 ga kilo a awa ɗaya. In ci ya dawo kumburi ya fara sauka, a juya zuwa madarar F-100 ko Plumpy'Nut a hankali cikin kwana biyu zuwa uku. Daga nan ƙarin giram 10 ga kilo a rana shi ne mai kyau. Ƙasa da 5, a binciki tarin fuka da ƙanjamau, a kuma duba ko uwa na raba abincin da sauran 'ya'yanta.

Ku nisanta wannan ɗaki da na masu ƙyanda da mashaƙo. Ɗan ɗakin keɓewa mai ƙofarsa daban, ko gado huɗu ne, ya shiga cikin ginin.

Ɗan Kwamiti

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka zan kai zaman kwamiti. Saura tambayata ta biyu, Likita: me za mu riƙa dubawa don mu san ana ci gaba?

Likitan Yara

Littafin rajista guda, a fara cika shi tun kafin a sayi komai, don a samu abin kwatantawa. Kowane yaro: shekaru, nauyi, lokacin isowa, lokacin da aka fara magani, awon oksijin da na suga, cuta, da yadda ya fita. Fita iri huɗu ce, a rubuta kowacce daban: sallama, turawa gaba, rasuwa, da wanda iyaye suka ɗauke kafin sallama. Na ƙarshen nan yana ɓoye mace-mace da yawa, kuma galibi rashin kuɗi ne ko rashin wanda ya zauna ya yi musu bayani.

Duk wata a fitar da waɗanda suka rasu cikin awa 24 na farko, da mace-mace bisa kowace cuta, jarirai kuma bisa nauyin haihuwa. A ƙara da minti nawa ake ɗauka daga neman jini zuwa ɗaura shi, da dare nawa oksijin ya yanke. Ku kwatanta Satumba da Satumbar bara, ba Satumba da Maris ba. Kuma ku shirya wa wannan: a watannin farko adadin na iya hawa, domin an fara rubuta gaskiya, kuma da labari ya bazu cewa akwai oksijin da jini, yaran da a da suke rasuwa a gida za a fara kawo su. Kada kwamiti ya ɗauki hakan a matsayin gazawar ma'aikata.

Zaman duba mace-mace sau ɗaya a wata, awa guda, fayil uku ko huɗu. Ba a kiran sunan wanda ya yi kuskure, in ba haka ba fayiloli za su fara ɓacewa. Kowane zama ya ƙare da gyara ɗaya, da wanda zai yi, da ranar da za a duba.

Idan waɗannan suka zauna, mataki na gaba da zan ba ku shawara shi ne asibitin sikila na rana ɗaya a mako. An yi binciken SPRING a Kano da Kaduna, aka wallafa a 2022: yara masu shekara 5 zuwa 12 da hoton jijiyoyin kai ya nuna gudun jininsu ya kai santimita 200 a daƙiƙa, wato suna bakin shanyewar ɓarin jiki, aka sa su a kan maganin hydroxyurea, kuma ko ƙaramin awo na miligiram 10 ga kilo ya yi aiki wajen kare su. Ku ba sai kun sayi na'urar hoton ba. Ku yi rajistar yaran, ku tanadi maganin da gwajin jini na bibiya, ku ƙulla da asibitin koyarwa mafi kusa a riƙa tura su hoton sau ɗaya a shekara.